Tsakanin Takardar Digiri da Littafin Farko

Laccar da aka gabatar wa matasan marubuta a garin Lafiya, Jihar Nasarawa



  

An nemi in yi magana a kan halin da matashi yake shiga idan ya gama makaranta alhali zuciyarsa na kan rubutu. Yawancin fuskokin da nake gani a nan, ko dai 'yan ajin ƙarshe ne a Jami'ar Tarayya ta nan Lafiya da Kwalejin Fasaha ta Isa Mustapha Agwai, ko waɗanda suka dawo gida daga Keffi da Akwanga da takardunsu a hannu, ga kuma masu kakin bautar ƙasa can a baya. Don haka ba sai na tsaya kwarzanta muku rubutu ba. Wanda bai ɗanɗani daɗinsa ba, ba zai zo ya zauna cikin zafin nan ba. Abin da ya dame ni shi ne 'yan shekarun nan da ke biyo bayan bikin yaye ɗalibai. A cikinsu ne masu baiwa da yawa suke ajiye alƙalami, kuma ba wanda yake lura, domin ba a shelar ranar da mutum ya daina rubutu.

Makaranta tana rufa wa marubuci asiri ta hanyoyin da ba ya ganewa sai ya fita. Kana da abokan ɗaki da za ka tasa a gaba ka karanta musu waƙarka. Akwai malamin da zai ce a kawo aiki ranar Litinin. Akwai ɗakin karatu. In aka tambaye ka me kake yi, kana da amsa: ɗalibi ne. Shekarar bautar ƙasa tana ɗan tsawaita wannan rufin asiri. Alawus ɗin da ya daɗe a naira 33,000 kafin a fara biyan 77,000 a 2025 ba ya arzuta kowa, amma yana sayen data da sabulu. Ranar da aka miƙa maka takardar sallama, duk wannan ya yanke lokaci guda.

Sai ka dawo Bukan Sidi ko Tudun Gwandara ko Shabu, ka koma ɗakin da ka bari, wanda yanzu ƙannenka ne suka cika shi. Makon farko ana ta zuwa barka da arziki. Kafin wata uku gaisuwar ta sauya: "Malam, ya batun aiki?" In mace ce a haɗa mata biyu, aiki da miji. Rubutun naka ya koma na dare, da babban yatsa a kan waya, bayan kowa ya yi barci, ka rage haskenta don kada ka tashi yara, hankalinka rabi a kan labari rabi a kan caji. Da safe ka kai ta wurin mai caji a bakin titi ka zauna jira. Mahaifiyarka kuwa, wadda ta yi shekara huɗu tana sayar da riɗinta da agushinta tana biya maka kuɗin makaranta, tana ganinka kana latsa waya ba dare ba rana, kuma babu wata alama a fuskar wayar da za ta nuna mata cewa aiki kake yi.

Zan faɗi maganar da wataƙila ba ita kuka zo ji ba. Mahaifiyar nan tana da gaskiya. Ku nemi abin yi. Rubutun adabi, da Hausa ko da Turanci, ba ya ciyar da mai farawa a ƙasar nan, kuma ko manyan da muke alfahari da su ba da shi suka fara cin abinci ba. A 1933, lokacin da Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya sa gasar ƙaga labarai, Abubakar Imam, Allah ya ji ƙansa, malamin makaranta ne a Midil ta Katsina, bai daɗe da fitowa daga Kwalejin Katsina ba, shekarunsa ashirin da 'yan kai. Cikin aikin koyarwar ya rubuta Ruwan Bagaja. Yayansa Malam Bello Kagara, mai Ganɗoki, malami ne. Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai Shaihu Umar, shi ma alli ne a hannunsa. Chinua Achebe ya gama jami'ar Ibadan a 1953, ya ɗan taɓa koyarwa, ya kama aikin gidan rediyo a Legas, sai a 1958 littafinsa na farko ya fito.

In kun ce waɗannan mutanen da ne, to ga na kusa. Helon Habila, ɗan Kaltungo ta Jihar Gombe, ya gama Jami'ar Jos a 1995. Ya koyar a Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi, sannan a 1999 ya tattara ya nufi Legas, ya riƙa rubuta labaran soyayya a mujallar Hints don ya samu na abinci, daga baya ya koma jaridar Vanguard. Kyautar Caine da ta fito da sunansa duniya, a 2001 ta zo. Abubakar Adam Ibrahim, haifaffen Jos, ya yi aikin jarida a Daily Trust. Ya ci gasar wasan kwaikwayon rediyo ta BBC a 2007, littafinsa na gajerun labarai ya fito a 2012, sai a 2016 ya karɓi kyautar NLNG ta dala 100,000. Mutane suna tuna dalar, suna mantawa da shekara tara da ke tsakanin nasarar farko da wannan.

Saboda haka koyarwa a makarantar kuɗi, ko zaman shagon POS, ko ɗinki, ko bin Baba gona a Doma ko Obi, babu wanda ya rage wa marubuci daraja a cikinsu. Hasali ma a nan ake jin yadda mutane suke magana. Mai zama a shagon cire kuɗi yana jin rigimar miji da mata, da ƙaryar mai bashi, da addu'ar tsohuwar da ɗanta ya turo mata kuɗi daga Abuja, duk kafin azahar. Aiki ɗaya ne nake ja muku kunne a kansa, kuma na san shi ya fi saurin samuwa ga mai iya jera kalmomi a babban birnin jiha: zama ɗan koren ɗan siyasa a Facebook, ana ba ka na kati kana yabo da zagi. Yana ɓata alƙalami. Wanda ya saba rubuta abin da bai yarda da shi ba, ranar da ya zo rubuta gaskiya sai ya tarar hannunsa ya manta hanya, mai karatu kuma ya riga ya san farashinsa.

To amma talauci, duk da zafinsa, ba shi ne babban abin da ke kashe matashin marubuci a garin nan ba. Babban abin shi ne rashin wanda zai karanta aikinsa ya gaya masa gaskiya. A nan zan daɗe.

Mu koma Zariya. Muna iya faɗin abin da muka ga dama game da manufar Turawan mulkin mallaka, kuma akwai abin faɗa. Amma ofishin East ya yi wani aiki da ya kamata mu fahimta. Ana kawo rubutu, a karanta shi, a ja layi, a ce nan ka tsawaita, nan ka ɗauko daga wani littafi, a mayar wa mai shi ya sake. Bayan Ruwan Bagaja, an ɗauko Imam daga Katsina zuwa Zariya a 1936, ya zauna kusa da East yana rubutu ana dubawa, abin da ya haifar da Magana Jari Ce mai juzu'i uku. A 1939 aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya zama editanta na Hausa. Baiwar tasa ce, babu mai musu, amma baiwar ta samu mai goge ta. Daga baya aka yi Kamfanin Gaskiya a 1945, aka yi hukumar adabi ta NORLA a shekarun 1950, aka kafa kamfanin wallafa na NNPC a Zariya a 1966, wanda ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980 bayan wata gasa. A duk tsawon wannan zamani, matashi mai rubutu yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa, a bayanta kuma akwai mutumin da albashinsa na gyaran rubutu ne.

Ƙofar ta fara rufewa ne a shekarun 1980. Tattalin arziki ya karye, tsarin SAP na 1986 ya zubar da darajar naira, masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, takarda ta koma sai an shigo da ita da kuɗin waje. Manyan kamfanonin wallafa suka koma kan littattafan makaranta, inda ciniki yake da tabbas. Har yau a nan muke, kuma tun da aka saki naira a 2023 kuɗin buga littafi ya ƙara tashi.

Abin da matasan Kano suka yi a wancan lokaci abin koyi ne. Ba su zauna jira ba. Suka kafa ƙungiyoyi, mafi shahara ita ce Raina Kama, inda ake da su Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba da Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. Suna buga littattafansu da kuɗinsu, suna jera sunayen littattafan 'yan'uwansu a cikin nasu don talla, suna kai wa 'yan kasuwa da kansu. Ku lura, ba digiri ne ya kai su ba. Gidan Dabino ta ajin yaƙi da jahilci ya shiga boko, ya rubuta In Da So Da Ƙauna wanda ya zaga ƙasar Hausa. Hajiya Balaraba an cire ta daga firamare aka yi mata aure tana yarinya, ta koma karatu da girmanta. An kira aikinsu Adabin Kasuwar Kano, masana irin su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu suka yi ta muhawara a jaridu kan ko adabi ne ko shirme. A 2007 har ƙona irin waɗannan littattafai aka yi a bainar jama'a a Kano. Amma a 2012 wani kamfani a Indiya mai suna Blaft ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba da Turanci, yau ana nazarinsa a jami'o'in ƙetare.

A ganina kowane ɓangare na waccan muhawara ya riƙe wani yanki na gaskiya. Marubutan Kano sun samar da abin da babu wata hukuma da ta taɓa samarwa, wato ɗimbin masu karatu, musamman mata a cikin gidaje, masu sayen littafi da kuɗin cefanensu ko su karɓo haya. Masu suka kuma ba su yi ƙarya ba da suka ce da yawa daga littattafan sun fita babu gyara, ga kurakuran ƙa'idar rubutu, ga labari ɗaya ana ta juya shi. Mu da muka zo daga baya mun gaji ƙarfin halin buga littafi da kanmu, amma ba mu gaji mai gyara ba.

Wannan gibi ne ya haifar da tarkon da na fi jin tsoro a kanku, wato gaggawar buga littafi da bikin ƙaddamarwa. Da farko ku bambance maɗaba'a da kamfanin wallafa. Kamfanin wallafa yana zaɓen rubutu, ya gyara, ya zuba kuɗinsa, ya rarraba, ya ba ka kasonka. Mai maɗaba'a kuwa ɗan kasuwa ne mai inji. Abin da ka ba shi, shi zai buga, har da kuskuren da ke shafin farko, kuma ba laifinsa ba ne. Idan wani ya kira kansa mawallafi, amma kai za ka biya komai, bai kuma mayar maka da ko shafi ɗaya da jan biro ba, to mai inji ka samu.

Na halarci irin bikin nan a garin nan da wasu garuruwa, kuma kusan kullum hanya ɗaya yake bi. Yaro ya ranci kuɗin adashin yayarsa ya buga kwafi ɗari biyar. Ya kama zaure, ya yi hayar kujeru da lasifika, ya buga katin gayyata mai ɗauke da sunayen manya goma. An sa ƙarfe goma, ba a fara ba sai bayan azahar. Babban mai ƙaddamarwa bai zo ba, ya aiko wakili. Mai sharhin littafi ya tashi ya yi yabo, kana ji ka san a mota ya duba shi. Sai a shiga kiran alkawari a lasifika, wane ya sayi kwafi biyu a kan kaza, a yi tafi. Yaron ya koma gida yana lissafi a bayan ambulan, ya ga ya biya bashi har ya samu jari. Daga nan sai zarya. Wata shida yana zaman benci a ƙofar ofisoshi, ana ce masa oga ya yi tafiya. Katan-katan na littafi suna ƙarƙashin gado, damina ta zo, gara ta shiga. Abin da ya fi ba ni tausayi ba asarar kuɗin ba ce. A duk cikin zauren nan ba a samu mutum biyar da suka karanta littafin ba, shi kuma ya fita da yaƙinin cewa ya gwada rubutu bai karɓe shi ba. Alhali ba rubutu ya gwada ba.

Mu nan ƙasar doya ce, kun san abin da ke faruwa idan aka haƙe ta ba ta ƙosa ba: ruwa ce zalla, ba ta yin sakwara, ba ta kuma ajiyuwa. Haka rubutun farko yake. Ba ina cewa buga littafi da kuɗin kai laifi ba ne. Habila ma da kansa ya buga tarin labaransa a 2000, daga cikinsa ne aka ɗauki wanda ya ci kyautar Caine. Amma ya buga ne bayan ya yi shekaru yana rubutu, editocin jarida suna yanke masa aiki, yana zama cikin marubutan Legas masu sukar juna ba sani ba sabo.

Wasunku za su ce zamanin takarda ya wuce, yanzu a waya ake komai. Gaskiya ne waya ta buɗe ƙofa, musamman ga 'yan'uwanmu mata. Yarinya tana ɗakin mahaifiyarta a Sabon Pegi za ta iya sakin labari a WhatsApp ko Wattpad ko ArewaBooks, mata a Sakkwato da Maraɗi da Jidda su karanta a daren, wasu su turo kuɗi don a sa su a rukunin masu biya. Ina girmama wannan, kuma na san akwai waɗanda suke rufa wa kansu asiri da shi. Sai dai ku shiga da ido buɗe. Mai karatun waya yana son sabon babi kullum, wanda kuma yake sakin babi kullum ba shi da lokacin sake karanta na jiya. Sannan kasuwar tana ja zuwa inda aka fi tafi, kun kuma san inda aka fi tafi: batsa da kishiya da attajirin da ya auri 'yar talaka. Ga satar fasaha. Mutum ɗaya ya biya, ya tura wa rukuni goma. Wani ya ɗauki littafinki ya karanta a YouTube yana karɓar kuɗin talla, ko sallama bai yi miki ba. Akwai sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, akwai kuma hukumar da ke kula da ita, ya kamata ku san abin da ta ba ku.

Kada kuma ku bar aikinku a wuri ɗaya. OkadaBooks, wadda marubutan Hausa da dama suka zuba littattafansu a kanta, ta rufe a ƙarshen 2023. Waya tana faɗawa ruwa, ana fizge ta a Keke. Achebe kansa ya tura kwafinsa ɗaya tilo na rubutun hannu zuwa wani kamfanin buga tafireta a Landan, suka karɓi kuɗi suka yi shiru wata da watanni, sai da shugabarsa a gidan rediyo, Angela Beattie, ta je hutu ta taka har ofishin kafin aka yi aikin. Ku tura wa kanku ta imel duk abin da kuka rubuta, a daren da kuka rubuta shi.

Gasa tana da amfani, kuma amfaninta ya wuce kyauta. Tun 2016 da BBC Hausa ta fara Hikayata, mata da yawa sun koyi abin da rukunin WhatsApp ba ya koyarwa: a ba ka iyakar kalmomi, a ba ka ranar rufewa, alƙalin da bai san gidanku ba ya karanta. Ku shiga, ko ba ku ci ba kun gama labari guda. Amma duk wanda ya ce ku biya kuɗi a ba ku lambar yabo, ku riƙe kuɗinku.

Akwai wani nauyi kuma da ya keɓanta da mu mutanen nan. Kasuwar littafin Hausa tana Kano, ta Turanci tana Legas da Abuja, ɗan Lafiya yana jin kamar yana gefe. Na sha jin yaranmu suna cewa suna kunyar rubutu da Hausa, wai za a ce Hausarsu ba ta nuna ba. A zauren nan akwai Eggon da Alago da Gwandara da Mada da Migili da Tibi da Fulani da Kambarin Lafiya, da yawanku da Hausa kuka tashi a kasuwa da makaranta, wani harshen kuma a cikin gida. Ku ji ni da kyau: wannan dukiya ce. Ku koyi daidaitacciyar Hausa sosai, ku san inda ake raba kalma da inda ake haɗewa, ku sa ƙugiya a ƙ da ɗ da ɓ, domin wannan aikin hannu ne, kowa koyonsa yake, har Bakano. Amma idan mai doya a Agyaragu ta buɗe baki a labarinku, ku bar ta ta yi magana yadda take yi. Wanda kuma zai iya rubutu da harshen gidansu, ya yi, ko da shafi biyu ne, domin waɗannan harsuna sun fi Hausa bukatar marubuci.

Kuma ku daina aron gari. Ina karanta labaran yaranmu, sai in ga jarumi yana zaune a wani katafaren gida a Abuja ko Dubai, wurin da marubucin bai taɓa kwana ba. Alhali ga matan Keana da suka gaji dafa gishiri kaka da kakanni. Ga Keffi ta 1902, inda Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney ya nufi Kano, abin da Turawa suka sa cikin hujjojinsu na yaƙar Kano a 1903. Ga ma'aikacin da ke tashi da asuba a Masaka ko Mararaba yana kokawar mota zuwa Abuja, ya gina birnin da ba zai iya kwana a cikinsa ba. Ga ƙauyukan da haƙar ma'adinai ta sauya musu rayuwa cikin 'yan shekaru. Ga manomi da makiyayi a Awe da Doma, waɗanda kakanninsu suka yi zaman amana. Ga kisan da aka yi a Alakyo a watan Mayun 2013, nan kusa da mu, wanda ya bar marayu da zawarawa, kuma jarida ta ba da adadi ta wuce. Wannan na ƙarshe yana bukatar tsoron Allah da adalci da haƙurin sauraron kowane ɓangare, ba aikin gaggawa ba ne. An ƙirƙiri jihar nan ranar 1 ga Oktoba 1996. 'Ya'yan da aka haifa a shekarar sun zama iyaye. Ku ne za ku faɗi yadda rayuwa ta kasance a cikinta, marubucin Kano ba zai zo ya yi muku ba.

To ina za a samo mai gyara, tunda babu East, babu NORLA? Ku za ku zama wa juna, kuma abin ba ya cin kuɗi. Mutum biyar zuwa bakwai sun isa, in sun fi haka ya koma taro. Ku haɗu duk mako biyu, a aji bayan an tashi makaranta ko a ƙarƙashin bishiya. Wanda layi ya zo kansa ya kai shafi goma shagon kwamfuta a fitar a takarda, ya raba tun kwana uku kafin zama, domin kuskuren da ke ɓuya a waya yana fitowa fili a takarda. Ranar zama, mai rubutun ya yi shiru har kowa ya gama. Kada ya ce "abin da nake nufi shi ne", domin ba zai bi kowane mai karatu gida ya yi masa bayani ba. Masu dubawa kuma an hana su cewa "ya yi kyau" su tsaya. Su nuna shafi, su nuna layi: a nan na daina yarda da matar nan, a nan na fara hamma, wannan karin maganar ba a wurinta take ba. Za a ji zafi. Wani zai yi fushi ya daina zuwa. Waɗanda suka jure shekara guda za su ga bambanci da idonsu.

Kada ku mayar da shi ƙungiya mai shugaba da ma'aji da rigar anko, domin daga nan rigimar muƙami take farawa, rubutu ya koma baya. Akwai Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, ANA, wadda Achebe ya jagoranci kafawa a 1981, ku shiga, ku je tarukanta, ƙauyen marubuta na Mamman Vatsa da ke Mpape a Abuja tafiyar 'yan sa'o'i ce daga nan. Amma zaman gyara daban yake, na mutane kaɗan ne da suka amince da juna.

Idan shekara ta zagayo, maimakon kowa ya ci bashi ya buga nasa, ku zaɓi labari mafi kyau na kowane ɗaya ku haɗa littafi guda. Ku nemi lambar ISBN daga Ɗakin Karatu na Ƙasa, ku kai musu kwafi uku da doka ta ce, don aikin ya shiga tarihi. Ku buga kaɗan, ku kai makarantun sakandare da kanku ku karanta wa ɗalibai. Ku je gidajen rediyon NBS da Precious FM ku nemi a ba ku ko minti goma sha biyar a mako, domin har yanzu a ƙauyukanmu rediyo ya fi waya isa.

Malamanmu na jami'a da kwaleji da ke zaune a nan, ina roƙonku da girman Allah: sa'a ɗaya a wata, ku karɓi rubutun yaron da ya riga ya bar ajinku, ku sa masa jan biro. Ba ya cikin aikin da ake biyanku, na sani. Iyayenmu masu hali, in yaro ya kawo muku katin ƙaddamarwa, alkawarin lasifika ba ya amfanarsa. Ku sayi kwafi ashirin a farashinsa, ku biya a take, ku aika wa makarantar da kuka yi. Iyaye mata da maza kuma, in ɗanku ko 'yarku na fita neman na kansa da rana, ku bar masa sa'a biyun nan na dare, kada a aike shi a cikinsu.

Na roƙi masu shirya taro su ajiye takarda a bakin ƙofa. Duk wanda yake da shafi goma a shirye, kuma zai iya jure a gaya masa gaskiya a kansu, ya rubuta sunansa da unguwarsu kafin ya fita, don a haɗa na kusa da na kusa. Ni ma zan karɓi rukuni ɗaya, in Allah ya yarda, mu fara a makon farko na wata mai kamawa.

Shugaban taro, a nan zan dakata don a samu lokacin tambayoyi.